Sawu a Kan Fulawa

Ina zaune a ƙofar ɗakina ina shafa wa gwiwa man zafi, sai ga shugaban 'yan sintirin unguwa ya faɗo mini ko sallama babu.

"Baba, tashi. An fasa wa Tsoho kai a gidan burodi."

Tsoho shi ne mahaifin mai gidan burodin, dattijon da ko kaza bai taɓa kora ba. Ranar ba a yi gashi ba, an bar tanderu ya huce saboda magini zai zo ya gyara wata tsaga, ma'aikata duk suna hutu. Da rana tsaka matar maigidan ta kai wa surukinta abinci, ta tarar da shi kwance a bakin sito cikin jini. An farke buhunan fulawa, an bi su da kananzir. An kwashe shi zuwa asibiti bai san inda kansa yake ba.

Na ce, "Wa ya yi?"

"Ai mun kama shi. Mai kwaɓi ne."

"To in kun kama shi, me zan yi muku? Ni sawu nake bi, ba na taya mutane tafi."

Ya share gumi. "Na kulle shi a ofishinmu, jama'a kuma sun cika ƙofa. Zan iya riƙe su zuwa faɗuwar rana. Amma in Tsoho ya cika kafin nan, wallahi ƙofar nan ba za ta tare kowa ba."

Na yi shekaru ina bin sawun ɓarayin shanu a daji kafin gwiwa ta ajiye ni. Na san ba a aiko a kira ni sai in akwai wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba. Na ɗauki sandata.

*

Bari in gaya muku ko wane ne mai kwaɓi. Tun yana saurayi yake kwaɓa fulawa a gidan nan, kuma duk wanda ya ci burodin unguwarmu ya yaba, hannunsa ya yaba. Shiru-shiru ne, bai yi aure ba. Watannin baya magana ta tashi cewa maza yake so, ba mata ba. Babu wanda ya ga komai, amma kowa yana da wanda ya gaya masa. Masu shayi suka fara dawo da burodi, wai ba za su sayar da abin da wannan hannu ya taɓa ba. Hannun da suka yi shekaru suna ci fa. Maigida ya sallame shi. Mai gidan haya ya ba shi wa'adi. Yayansa ya ce kada ya ƙara taka gidansu, ko da gaida mahaifiyarsu ne. Duk inda ya nemi aiki, labarin ya riga shi isa.

Shi ya sa da aka ga ɓarna, babu wanda ya tsaya tunani. An kore shi, ya dawo ya rama, shi ke nan.

A bakin gidan burodin na tarar an tattake komai kamar an yi kasuwar awaki. Na zazzagi mutanen da ke wurin son raina, kuma ban yi nadama ba. Allah ya sa matar maigidan tana da hankali, ta kulle ciki bayan an fitar da Tsoho.

Maigida ya buɗe mini, idonsa jajir. Wanda ya yi aikin ya taka fulawa a sito, sai ya bar farin sawu a kan baƙin simintin ɗakin tanderu, raɗau, har zuwa ƙofar baya. Dogayen takalman roba ne, na hagu da faci a dunduniya.

Maigida ya ce, "Ka gani? Takalmin aikinsa ne. Ni da kaina na ba shi kuɗin facin."

Na bi sawun a hankali. Mutum ne mai sauri amma ba gudu yake ba, ya san gidan. Sai a tsakiyar ɗakin, gefen bakin tanderu, na ga abin da ya tsaya mini a rai. Takun ya yi tsawo, an ɗaga ƙafa an tsallake, sannan tafiya ta koma daidai. Na durƙusa duk da gwiwata na duba wurin. Babu rami, babu ruwa, babu itace. Siminti ne fayau.

"Akwai abin da aka ɗauke daga nan?"

"Babu komai, Baba. Tun jiya aka share."

Na miƙe. Mutum ba ya tsallake abin da babu.

*

Sai da 'yan sintiri suka buɗa mini hanya kafin na shiga ofishin. Wani na riƙe da gora, wata na ihun a fito da shi. Har telan unguwarmu na gani a cikinsu, magidanci mai 'ya'ya, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, shi ma yana ɗaga hannu tare da su.

Mai kwaɓi yana zaune a ƙasa, leɓensa a fashe, silifa ɗaya a ƙafarsa.

"Sannu, ɗana."

Ya ɗago kamar bai yarda da shi nake ba. "Yawwa, Baba."

"Ina takalman aikinka?"

"A can na bar su. Ranar da aka sallame ni ko kofin shan ruwana ba a bari na ɗauka ba."

"Kai ka bugi Tsoho?"

Hawaye suka cika masa ido. "Tsoho ne kaɗai yake amsa gaisuwata a layin nan. In buge shi in gaisa da wa?"

"To ina kake da rana tsaka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ɗana, ka ji abin da ke bakin ƙofar nan? In akwai wanda ya gan ka a wani wuri, faɗi sunansa yanzu in je in kawo shi."

"Ina ɗakina."

"Maƙwabciyarka ta ce ta ga ka fita."

"To na fita shan iska."

Na fusata, na buga sanda a ƙasa. "Iskar ba ta da unguwa? Ranka ne fa ake magana."

Ya dube ni ido cikin ido. "Na sani, Baba. Shan iska na fita."

Na ga tsoro a fuskarsa, amma ba na kansa kaɗai yake ji ba. Na fito raina a ɓace.

*

Na je na tambayi mai sayar da kananzir, ta ce da safe direban motar rabon burodi ya sayi galan guda. Shugaban sintiri ya yi tsalle, domin an san direban sun yi cacar baki da maigida kwanan nan. Muka same shi a ƙarƙashin mota, hannu duk baƙin mai, yana wanke wasu ƙarafa a cikin kananzir ɗin.

"Ni? Baba, in zan yi wa maigida mugunta ai motarsa zan bari ta mutu a hanya, ta daɗe tana roƙona."

Na sa shi ya tashi ya ɗauko mini kujera. Yana jan ƙafar dama tun wani haɗari da ya yi. Sawun cikin fulawa ba ya jan ƙafa. Na zauna a kujerar na huta, tunda an riga an kawo ta, sannan na ce wa shugaban ya koma ya tsare ƙofarsa. Inda za ni ba na son rakiya.

Ɗakin mai kwaɓi yana ƙarshen gidan haya. An riga an ɓalle ƙofar, an watso kayansa waje. Ta baya kuwa babu wanda ya bi, ƙasa tana nan da laushinta. Na samu sawun silifarsa, na san shi domin ɗayar tana yashe a tsakar gida na gwada. Ya bi ta lungun bayan shaguna, yana raɓe da bango, yana tsayawa a kowace kwana kamar mai duba hanya. Ba wajen gidan burodi ya nufa ba, ya ba shi baya ne ma. Sawun ya ƙare a wata ƙaramar ƙofar baya. Ya shiga, kuma sawun fitowarsa ya hau kan na wata akuya da ta wuce bayan rana ta karkata, wato da rana tsaka yana ciki.

Ƙofar bayan shagon tela ce.

Na zagaya ta gaba. Tela ya dawo daga wajen taron, yana zaune gaban keken ɗinki, almakashi a hannunsa ba ya yanka komai.

"Baba, ɗinki ne?"

Na ja labule na zauna. "Na biyo sawu ne, ya kawo ni bayan shagonka."

Almakashin ya faɗi. Bai yi musu ba. 

"Abinci nake ba shi. Tunda aka kore shi ba ya samun na kirki. Sai in rufe gaba in ce na tafi sayen zare." Sannan ya ce, "Ba abinci kaɗai ba ne, Baba. Mun daɗe. Tun kafin a yi mini aure."

"Kuma ka je kana ɗaga hannu a kansa."

"Surukina ne ya ja ni. In na tsaya a shago za a ce me ya hana ni." Ya rufe fuska. "Ina jin sanda aka mare shi. Zan je in faɗa, Baba. Yanzu zan je."

Ni dai ba alƙali ba ne, kuma ba zan ce na fahimci abin da ke tsakaninsu ba. Ba a kuma kira ni don in fahimta ba. Abin da na gani shi ne mutum yana can an fasa masa baki ya gwammace a kashe shi da ya ambaci wannan shago.

Na ce, "In ka faɗa, gawa biyu za a ɗauka maimakon ɗaya, 'ya'yanka kuma su gaji sunan. Zauna. Ka ba ni zuwa faɗuwar rana."

"In ba ka samo ba fa?"

Na ɗauki sandata na fita.

*

Rana ta yi sanyi, ni kuwa babu abin da ke hannuna sai gaskiyar da ba zan iya faɗa ba. Na koma gidan burodin. Na tarar da matar da ke zuba burodi a leda ta zo taya matar maigida kwashe fulawar da ta lalace. Na roƙe ta ta ɗebo mini ruwan sha a randar da ke bakin ƙofar baya.

Ta ratsa ɗakin tanderu tana mita a kan warin kananzir. Da ta zo gefen bakin tanderun, sai ta tattare zani ta yi ɗan tsalle, ta wuce.

Na tsayar da ita. "'Yata, me kika tsallake?"

Ta waiwaya ta dubi simintin, ta yi dariya. "Kai, sabo. Nan ake jera gwangwanaye masu zafi in an fito da su daga wuta. Har a mafarki tsallakewa nake."

"Tun yaushe ake jera su a nan?"

"Ai ba a daɗe ba. Da can jikin bango ake jerawa. Da aka kori wancan," ta rage murya, "maigida ya sa aka fitar da kwamin da yake kwaɓi a ciki da teburinsa, duk abin da ya taɓa, don masu shayi su gani da idonsu. Sabon teburin ya fi faɗi, ya cinye jikin bangon, shi ne aka dawo da gwangwanaye nan tsakiya. Makon farko ni da mai wuta mun sha ƙuna. Nasa ma ya fi muni, har yanzu da tabo a idon sawunsa."

Mai wuta shi ne mai kula da tanderu, ƙanen matar maigida.

"Takalman mai kwaɓi fa?"

"Maigida ya ce a jefa a wuta." Ta duba hagu da dama. "Baba, kada ka ce ni na gaya maka. Tunda ya tafi burodin nan ba ya tashi, ciniki ya faɗi. Maigida yana ta ɗora wa mai wuta laifi. Shekaranjiya na ji yana cewa zai dawo da mai kwaɓi a ɓoye, ya riƙa yi kafin gari ya waye."

Na sha ruwan da ta ɗebo, na miƙa mata kofin.

*

Na sa aka kawo su ɗakin tanderu: mai kwaɓi tsakanin 'yan sintiri biyu, da direba, da sabon mai kwaɓi, da mai wuta. Jama'a suka cika tagogi da ƙofa. Tela yana taga ta ƙarshe, surukinsa a bayansa.

Na barbaɗa fulawa a bakin sito. "Kowa ya taka, ya tafi ƙofar baya. Girman ƙafa nake son gani."

Ƙarya nake, amma sai kowa ya mai da hankali kan ƙafarsa. Direba ya ja tasa ya wuce. Sabon mai kwaɓi, wanda aikinsa ba ya kai shi bakin tanderu, ya miƙe sak. Mai kwaɓin da aka kora ya cire silifarsa ɗayar, ya tafi a hankali, ya taka tsakiyar wurin bai ko lura ba.

Mai wuta ya yi murmushi. "Baba, tsufa dai ya zo. Takalmin ai ya riga ya yi magana."

"Taka dai, ɗana."

Ya taka. Ya tafi yana kaɗa hannu, yana kallon mutanen taga. Gefen bakin tanderu ƙafarsa ta ɗaga da kanta, ta tsallake, ta sauka can gaba.

Na ce ya tsaya a inda yake. Na nuna da sanda, nasa sabon takun da na takalmin roba, gefe da gefe, tsallake ɗaya a wuri ɗaya. Na gaya wa jama'a abin da ake jerawa a wurin, da lokacin da aka fara jerawa. "Wannan da kuka fasa wa baki an kore shi kafin gwangwani ya taɓa zama a nan. Ƙafarsa ba ta san akwai abin tsoro ba. Wanda ya bugi Tsoho kuwa ƙafarsa ta taɓa ƙonewa a wurin nan." Na ɗaga ƙafar wandon mai wuta da kan sanda. Tabon yana nan.

Maigida ya matso, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ina takalman da na ce ka ƙona?"

A bayan tarin itace aka same su, da fulawa a ƙasansu.

Matar maigida ta zube a ƙasa. Mai wuta ya fara ihu. "Ni za ka wulaƙanta saboda wannan? Ni na tona asirinsa, na tsabtace maka gida, sannan ka ce za ka dawo da shi a kaina? Ban yi niyyar taɓa Tsoho ba, shigowa ya yi." Ya juya ga tagogi, domin ya san inda ƙarfinsa yake. "To ni na yi. Amma ku tambaye shi ina yake da rana tsaka. Me ya sa ya ƙi faɗa? Baba ya bi sawunsa, an gan shi a lungu. In an bi ɓarawo a bi mabi sawu. Ya gaya mana gidan wa ya shiga."

Abin takaici, sai ɗakin ya juyo gare ni. Ga wanda ya fasa kan dattijo a tsaye a gabansu, amma wannan tambayar ta fi yi musu daɗi. Surukin tela ne ma ya fi kowa ɗaga murya: "Faɗa mana, Baba, mu san su duka."

Mai kwaɓi bai dubi taga ba. Ni ma ban duba ba, amma na ga hannun tela ya kama ƙarfen tagar, bakinsa ya buɗe.

Na riga shi. "Na bi. Ya hau kwalta, sawu ya ɓace."

"Kai da kake bin sawu a kan dutse?"

"Da ke nan. Ɗazu wancan ya ce tsufa ya zo, gaskiya ya faɗa."

Wasu suka yi tsaki, wasu suka yi dariya. Ban taɓa yi wa sawu ƙarya ba sai ranar, kuma ko yau aka sake tambayata, kwalta zan ce.

*

Kafin rana ta faɗi aka aiko cewa Tsoho ya farfaɗo. Nan take dattawa suka kewaye maigida: ƙanen matarka ne, sharrin zuciya ne, a rufa asiri, a yi ta a cikin gida. Babu wanda ya ɗaga gora a kan mai wuta. Babu kuma wanda ya ce wa mai kwaɓi sannu. Na ji wata tana cewa ko ba shi ya yi ba, ai an san halinsa.

Maigida ya tsaya nesa da shi ya ce, "Ka yi haƙuri. Amma ka san mutane."

"Na san su," in ji shi.

Shugaban sintiri ya ce ba zai iya tsare mai kwaɓi kowace rana ba, gara ya bar gari. Abin da ya rage na kayansa bai cika leda ba. Ni na raka shi tasha, shi yana ɗingishi, ni ina ɗingishi. Ya roƙe ni in gaida Tsoho, in kuma nemi hanyar da mahaifiyarsa za ta ji ba shi ya yi ba. Sai da mota ta tashi ya leƙo.

"Baba, ka ce masa ya yi daidai da ya yi shiru. Ka ce kada ya neme ni. Yaran nan ƙanana ne."

Washegari na ɗauki wata tsohuwar riga don in samu dalilin shiga shagon tela. Tun daga waje nake jin ƙarar keke. Na tarar da shi ya duƙufa, ƙafa tana ta taka feda, surukinsa yana zaune a benci yana ba da labarin jiya, yana cewa unguwa ta huta. Tela yana gyaɗa kai yana cewa, "Haka ne."

Na tsaya da saƙon a bakina, babu damar faɗa. Na dubi yadin da yake turawa ƙarƙashin allura, ya kai ƙarshe ya dawo da shi ya sake turawa. Babu zare a allurar.